Ƙayar magarya a gindin dutse: abin da ya shiga tsakanin 'yan kekenmu da wani mai gona a gabashin Damagaram

Abin ya faru ne daminar bara waccan, wata Lahadi da safe, mu tara mun gangaro daga kan dutse kamar yadda muka saba, ni ne na uku a layi, kawai sai na ga na gaba ya danna birki har ƙafar bayan kekensa ta ɗaga sama. An tare hanya da ƙayar magarya, ba reshe ɗaya ba ba biyu ba, shinge ne sosai an jera an danne da duwatsu, ga wani dattijo zaune a gefe kan falalen dutse, hauyarsa a kan cinya, yana kallonmu bai ce uffan ba. Muka yi sallama ya amsa, ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara, duk ya amsa har ƙarshe bai tsallake ko ɗaya ba, sannan ya miƙe ya ce "samari ku jingine dawakan naku ku zo ku ga aikinku".

Bari in ɗan koma baya don wanda bai san mu ba. Mu fada ɗaya ne a cikin gari, shayi ya haɗa mu tun ba keke, akwai mushe ɗaya mai koyarwa a lakol, akwai mai tebur a kasuwar Dole, ɗalibai biyu na jami'ar André Salifou, akwai mai faci wanda in ba shi da tuni mun watse, ni kuma ina da ɗan shagon salula da caja, shi ya sa aka ɗora mini riƙon gurup na WhatsApp da ajiye taswirar hanya. Kekunanmu duk na hannu ne, irin waɗanda suka gama rayuwa a Turai aka kwaso, masu faɗin taya da giya 18 ko 21, wasu da abin shan gargada a gaba wanda rabinsu ya riga ya mutu, VTT dai da muke cewa, wato keken dutse. Ɗaya daga cikin ɗaliban shi ne malaminmu na tarihi, kullum sai ya maimaita mana cewa a Kalifoniya ta Amurka aka fara wannan wasan cikin shekarun 1970, wasu samari suna gangarowa daga dutsen Tamalpais da tsofaffin kekuna, a 1976 suka fara wata tsere da suka sa wa suna Repack sabida kafin a kai ƙasa man birkin ya ƙone sai an sake cusa wani, har abin ya shiga wasannin Olamfik a 1996 a Atlanta. Mai facinmu kuwa duk lokacin da ya ji haka sai ya ce kakansa ya yi ta kai buhun gujiya kasuwar Miriya kan keke mara giya cikin rairayi ba wanda ya ba shi lambar yabo.

Duk wanda ya san Zinder ya san dutse ne ya haifi garin. Ka shiga Birni ka ga gidaje a manne da manyan duwatsu kamar an ajiye su da hannu, ka fita bayan gari ta ko'ina ga su nan tsibi-tsibi, wani kan wani. Wannan dutsen shi ne kuma tushen wahalar ruwanmu, baya shan ruwa baya ajiyewa, shi ya sa tun da can daga nesa ake jawo mana ruwa, daga wajen Gogo da Machaya a kudu, daga baya Arunguza a arewa, kuma har yau 'yan ga-ruwa ba su rasa ciniki ba. Ku riƙe wannan maganar ta dutse baya shan ruwa don za mu dawo kanta, mu da muka girma da ita a baki mu ne muka manta ta a inda ya kamata mu tuna.

Ga mai keke a ƙasarmu hawa ba shi ne matsala ba, tuddanmu ba wasu masu tsawo ba ne, rairayi shi ne abokin gaba. Ka bar kwalta da taku hamsin sai ka ji ƙafar gaba ta nutse tana lilo, kana taka feda kana tsaye wuri ɗaya. Don haka neman hanya a wajenmu neman ƙasa mai tauri ne: fako, gindin dutse, wurin tsakuwa, ko ɗan tudun nan na tsakiyar hanyar amalanke. Sai kuma ƙaya. Ƙarangiya ta kama safa ta ishe ka, amma tsidau shi ne mugu, ɗan ƙarami mai ƙaho, rana ɗaya na taɓa cire guda bakwai a taya ɗaya. In ka rage iska taya ta kwanta ta hau kan rairayi da kyau, amma da ka hau dutse sai bakin ƙarfen ya cije tub ya huda shi wuri biyu, in ka cika iska kuma rairayi ya ci ka. Kowa da famfo da sholisho da guntun roba a aljihu yake fita.

A haka cikin kaka da sanyi muka yi ta lalube har muka haɗa wani zagaye, kamar kilo 30 a awon salulata. Mu fita bayan sallar asuba, mu ɗan bi babbar hanya ta Miriya wadda ita ce RN1 mai tafiya har Diffa, kafin mu kai Miriya ɗin da ke kilo 18 sai mu sauka mu yanki daji, mu ratsa ƙauyuka uku, mu hau wani tsibin duwatsu, mu gangaro, mu dawo gari kafin rana ta yi zafi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen sun yi mana karamci kuma maganar ta mutu a wajensu.

To gangarowar nan ita ce zuciyar abin. A jikin dutsen akwai tsohuwar hanyar ƙafa wadda mata masu itace da 'yan jakuna suke bi, tana kewaye dutsen a hankali, ta yi nan ta yi can kamar ba ta son sauka. Mu kuma ta gundure mu. Wata rana wani a cikinmu, kuma gaskiya da ni a masu zuga shi, ya ce me zai hana mu sauko kai tsaye, ya saki birki ya miƙe ta gangaren har ƙasa, taku ɗari biyu ko ƙasa da haka, ya faɗa cikin wani fili mai kututturen kara ya ratsa shi ya tarar da hanyar amalanke. Wallahi daɗin wurin ba a magana, iska na kaɗa ka, cikinka na ɗurar ruwa, ka kusa ƙasa ka matse birkin baya ƙafa ta ja ƙura ta tashi. Lokacin rani ne, an yi girbi an saki gonaki, awaki da shanu na yawo ko'ina suna kalar kara, ba shinge ba kowa, ko kusa bai zo mana a rai cewa gonar wani muke ciki ba, ko in ce mun sani amma muka ɗauka gonar rani ta kowa ce. Muka ɗauki bidiyo muka sa a Facebook da TikTok, mutane suka yi ta tambaya ina ne nan, ni da hannuna na tura wa waɗanda ban ma sani ba taswirar. Kafin bazara wasu gungun 'yan keke sun fara zuwa, sannan 'yan moto suka gano wurin, su kuma hawa suke yi ba sauka ba, ƙafar baya na haƙa ƙasa tana watsawa. Tun daga Nuwamba har Yuni ana bin layi ɗaya.

Abin da dattijon ya nuna mana ran nan shi ne layin namu, amma ya zama wani abu daban. Daga sama ɗan lambatu ne da ƙyar zai ɓoye tafin ƙafa, yana gangarowa yana faɗi, kafin ya kai bakin gona ya zama rami, na shiga ciki ya kawo mini gwiwa, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyin sabara a waje suna reto. Can ƙasa kuma inda gangaren ya kwanta, duk rairayin da ruwa ya kwaso ya baje shi kamar an shanya tabarma, fari tas, ya binne geron da ya tsiro. Dattijon ya durƙusa ya tona da yatsa ya zaro wani ɗan tsiro ya yi rawaya ya laƙwashe, ya ɗora a tafin hannunsa ya miƙo mini, ya ce wannan shuka ta biyu ce, ta farko ruwan farko ya tafi da ita, ya sake sayen iri ya sake shukawa. Sannan ya ja mu gefe ya nuna mana wasu 'yan kututture guda uku a kan layin, duk an murƙushe su. Mu ciyawa muka ɗauke su. 'Ya'yan gawo ne da ya bari ya sassabe yana reno, irin sassaben zamanin nan da manoman Miriya da Magariya da Matamaye suka yi suna da shi, wanda ya mayar da gawo cikin gonaki bayan da ƙasar ta kusa zama fili. Gawo kuwa kowa ya san darajarsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana ya ba shi taki, da rani ya yi ganye da 'ya'ya dabbobi su ci. Shekara uku yana tsaron waɗannan daga bakin akuya, taya ta gama da su.

Nan fa ɗaya daga cikin yaranmu, mai zafin kai, ya ce "amma Baba ai dutse na Allah ne, ba gonarka muka haƙa ba, ruwa ne ya yi". Na so ƙasa ta tsage in shige. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce "gaskiyarka ɗana, dutse na Allah ne, ruwa ma na Allah ne, tun ina yaro suke nan tare ba su taɓa ci mini gona ba sai da kuka nuna musu hanya". Ya ce shi ba zai yi faɗa da mu ba, mu tafi wajen mai gari.

Kafin in faɗi zaman, ga yadda na fahimci abin daga baya, don na daɗe ina juya shi. Ruwan shekararmu ba yawa ne da shi ba, wajen milimita 400, amma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, kuma da yawansa a hadari ne mai ƙarfi na ɗan lokaci. In ya sauka kan falalen dutse ko ɗigo baya shiga, duka yake gangarowa. A da yana sauka ne a baje, ko'ina kaɗan-kaɗan, ciyawa da tsakuwa da ɓawon ƙasa na rage masa gudu har ya nutse a gindin dutsen, shi ya sa ma gonar gindin dutse take yin kyau. Mu muka zo muka kankare ciyawar a layi ɗaya, jan birkin baya ya fasa ɓawon ƙasar ya mayar da ita gari, tayoyi suka lotsa tsakiya ya zama ɗan kwari, kuma layin ya bi daidai inda ruwa da kansa zai so ya bi, wato kai tsaye ƙasa. Ruwan da ke bajewa sai ya samu lambatu ya taru a ciki, ruwa in ya taru gudunsa ya ƙaru, in gudu ya ƙaru ya ɗauki ƙasa, ramin ya zurfafa ya ƙara jawo wani ruwan. Hadari uku ko huɗu sun isa. Mu kuma ba mu lura ba don sati biyu ba mu fita ba, ranar da muka dawo ma daga sama ba a ganin ɓarnar.

Zaman an yi shi ne ran Juma'a bayan masallaci a ƙofar gidan mai gari, mu huɗu muka je a madadin sauran, muka tafi da goro. Akwai liman, akwai dattawa, akwai wani mutum da aka ce yana cikin kwamitin ƙasa na ƙauyen, irin kwamitocin da dokar karkara ta 1993 ta kawo, waɗanda ake kira in an yi ɓarnar gona ko rikicin iyaka, kuma a ƙa'ida wajen sarakunan gargajiya ake fara neman sulhu kafin magana ta je gaban alƙali. Mu mun shirya bayani kan rami, har ɗalibinmu ya zo da hotunan 'yan moto a salula don a ga ba mu kaɗai ba ne. Mai gari ya saurara har ya gama, ya ce "to na ji, 'yan moton wa ya nuna musu?" Shiru. Ya ce "da kuka fara bi, wa kuka tambaya?" Mushe ya ce ranka ya daɗe ba mu tambayi kowa ba. Ya ce wata takwas kuna ratsa garin nan kowace Lahadi, yau ne na fara ganin fuskarku ba hular kwano.

Ashe ramin murfi ne kawai, da aka ɗaga shi sai ga abubuwa na fitowa. Wani ya ce mun taɓa firgita jakin 'yarsa a hanyar rijiya ya zubar da jarkoki ɗaya ta fashe, ba wanda ya tsaya. Ni ban ma tuna ba, kuma na yarda ya faru, don keke ba shi da ƙara, sai dai mutum ya ga abu ya wuce shi fuu. Wani ya ce ledojin ruwan da muke sha muna yarwa a gindin kuka akuyarsa ta ci. Wani dattijo ya yi maganar gajeren wando mai ɗame jiki da wasunmu ke sawa suna wucewa ta gaban mata, ya faɗe ta a kunyace yana kallon ƙasa. Wadda ta fi yi mini nauyi ita ce ta hoto: wani yaron garin da ke aiki a cikin gari ya ga bidiyonmu a salula, ga matar yayansa a ciki tana daka a bayan darni, an sa kiɗa a kai, mutane na ta sharhi. Ni na ɗauki wannan bidiyon. A raina kyan ƙauye nake nunawa.

Ban ce duk abin da aka faɗa daidai ba ne. Akwai wanda ya so ya haɗa mana da wata tunkiya da ta ɓata wadda ba ruwanmu da ita, mai gari da kansa ya kashe maganar. Kuma har yau ina ganin moto ɗaya mai hawa ya fi keke goma ɓarna. Amma ba a kama 'yan moto ba, mu aka sani, mu muka buɗe layin.

Aka zo kan diyya. Dattijon ya ce a ƙiyasinsa wurin da ya binne yana ba shi dami takwas zuwa goma in shekara ta yi kyau, mutumin kwamiti da wasu biyu suka je suka duba suka dawo suka ce bai yi ƙari sosai ba. Muka ce za mu biya, aka tsaya kan jika ashirin da biyar, muka yi karo-karo a fada, wani jika uku wani jika ɗaya, yaron nan mai zafin kai ya kawo dala ɗari ya ce iyakar abin da yake da shi kenan kuma na san gaskiya ne. Amma dattijon ya ce kuɗi na bana ne, ramin kuwa in aka bar shi baɗi sai ya raba gonar biyu, shi hannu yake so. Aka yanke Lahadi uku za mu zo aiki ba hawa ba. Sauran sharuɗɗan mai gari ya faɗe su a tsaye: layin nan an rufe shi har abada, daga ruwan shuka har ranar da hukuma ta sanar da sakin gonaki ba mai ratsa gona ko da a gefe ne, kowa ya sa ƙararrawa, a wajen rijiya a sauka a tura, a sa dogon wando, ba hoton mace, leda kowa ya koma da abarsa. Bidiyon na goge shi a gabansu.

Aikin gyaran shi ne inda na fi koyon abu, kuma shi ne inda girman kanmu ya ƙarasa zubewa. Mu da shebur muka zo, niyyarmu mu cika ramin da rairayi mu daddanne. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ai abinci za ku kai wa ruwa. Ya ce daga sama ake farawa ba daga ƙasa ba. Can inda lambatun ya fara ya sa muka haƙa rabin wata guda biyu, bakinsu na kallon sama, don su tare ruwan tun bai yi ƙarfi ba. Sannan cikin ramin, duk bayan 'yan taku, jeren duwatsu a gicciye, manya a ƙasa a ɗan binne su, ƙanana da tsakuwa a gefen da ruwa ke zuwa, tsakiyar jeren ya fi gefe ƙasa kaɗan don ruwa ya tsallake ta tsakiya kar ya zagaya ya ci gefe, kuma a shiga da duwatsun cikin bangon ramin hagu da dama. Ya ce ba tare ruwa ake so ba, a sa shi ya yi tafiyar tsofaffi, ya ajiye kayan da ya ɗauko ya wuce. Bayan kowane jere muka dasa gamba da ya tsago daga iyakar gonarsa, muka shimfiɗa ƙaya a kai sabida awaki. Duwatsun da amalanken ɗansa muka kwaso, hannuna ya yi kanta ya fashe, kwana huɗu ban iya riƙe sukudireba a shago ba.

A daren Lahadi ta biyu ɗalibin nan ya turo mana wani abu da ya samo a intanet, ƙa'idojin wata ƙungiyar masu keken dutse ta duniya, IMBA, da aka kafa a Amurka a 1988. Wai hanya mai ɗorewa kar ta bi gangare kai tsaye, ta bi jikin tudu a karkace, tsananin gangarenta kar ya wuce rabin na tudun da take jikinsa, a jimlace kuma kar ta wuce kashi 10 cikin 100, ma'ana duk taku goma ka sauka taku ɗaya, a ɗan karkata doron hanyar waje kamar kashi 5 don ruwa ya tsallake ta maimakon ya bi ta, kuma jefi-jefi ta ɗan hau kafin ta ci gaba da sauka don ruwan da ya shigo ya samu wurin fita. Muka ce kai, ga ilimi. Mushe ya aro tiyo mai haske wajen wani magini, irin wanda ake cika wa ruwa a duba daidaito, muka je mu auna inda za mu fitar da sabuwar hanya ta ƙa'ida. Muna aune-aune muna kafa tsinke, sai muka ga tsinkayenmu suna ta faɗawa kan tsohuwar hanyar matan nan masu itace, wadda muka raina. Duk lanƙwasar da ke gundurarmu, duk ɗan hawan da muke cewa na banza ne, a wurinsa yake. Jaki da mace mai ɗauke da itace a ka ba sa son gangare mai tsanani, ƙafarsu ta riga ta yi awon tun kafin a haife mu. Muka naɗe tiyo muka mayar wa mai shi.

Daminar bara ce ta gwada aikin. Jere bakwai muka yi, shida sun tsaya, rairayi ya cika bayansu har ramin ya zama kamar matakala, gamba ta kama a huɗu. Na biyar daga sama ya karye a wani babban ruwa na Agusta, kuma laifinmu ne, shi ne wanda muka yi da yamma a gajiye ba mu shigar da shi cikin bango ba, ruwa ya zagaya ta dama ya buɗe sabon baki. Muka koma mu uku muka gyara. Wurin da rairayi ya binne bai dawo daidai ba har yanzu, geron wurin gajere ne, dattijon ya zuba taki ya ce sai a hankali. Cikin gawo ukun ɗaya ya sake toho daga kututture, ya kewaye shi da ƙaya.

Fadarmu kuwa ba ta fita lafiya lau ba. Uku sun daina fita da mu, suka ce an mayar da wasa aikin gayya, kuma hanyar mata ba ta da daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, ba ta kai waccan ba, duk lokacin da na zo saman dutsen na ga inda layin yake sai na ji wani abu. Da damina da gonaki suka rufe mun gwada bin burtali, muka ce ai wannan ba gonar kowa ba ce, ashe kofaton shanu ya mayar da shi rairayi zalla, ga shi mun haɗu da garke a wuri mai matsi shanu suka firgita suka nufi gonar mutane, makiyayin ya sha wahala kafin ya tare su, da sun shiga da wata shari'ar ce kuma a kansa za ta faɗa ba a kanmu ba. Tun ranar muka bar burtali. Yanzu daga Yuli zuwa kaka hanyar amalanke kawai muke bi, ko mu yi kwalta zuwa Miriya ran Lahadi mu ci kasuwa mu dawo.

Taswirar na daina turawa, wanda ke so ya zo ya bi mu a kai shi ya gaida mai gari tukuna. Amma wadda na riga na tura ta tafi, 'yan moto na nan suna zuwa jefi-jefi, in sun tarar da ƙaya su buɗe wani layin a gefe, yaran ƙauyen ne ke korarsu. Ta ɓangaren gari kuma kilo biyun farko na zagayen an fara kafa duwatsun fuloti, bana ko baɗi za mu tarar da katanga. Kuma satin da ya wuce da muka sauka gaida dattijon, yana zaune mai facinmu na duba masa tayar amalanke, ya nuna mana bayan dutsen da haɓa ya ce wasu sun zo da mota sun duba, masu fasa dutse ne na tsakuwar gini, sun yi magana da wani mai gona a can gefen. Ya tambaye ni ko a cikin salular tawa akwai inda ake ganin ta ina ruwa zai bi in sun fasa wancan gefen. Na ce masa zan tambayi ɗalibinmu.